Ajiyar Itacen Girki a Ƙasar Adar

A garin Tahoua da ƙauyukan arewacin Adar, inda ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, kuma kusan dukansa yake sauka tsakanin watan Yuni da na Satumba, itacen girki yana cikin abubuwan da gida ba ya iya kwana babu su, kuma duk da haka shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana gina wa gero rumbu a ɗora shi bisa duwatsu a yi masa jinka, ana ɗaure harawa a haye da ita saman rumfa don kada bakin dabba ya kai gare ta, amma itacen da aka yi tafiyar rabin yini kafin a samo shi sai a zube shi a gindin katanga, a bar shi ga gara da ruwa da rairayi. Matashin da ya lura da wannan bambanci ya riga ya kama bakin zaren maganar, domin asarar itace a wannan ƙasa ba a daji kaɗai take faruwa ba, wani babban kaso nata a cikin gida ake yin sa, bayan an riga an sare bishiya an kuma biya wahalar ɗauko ta.

Shekarar Adar tana matse magidanci a kan itace sau biyu. Matsi na farko na zuwa ne da hunturu, wato sanyin da iskar arewa maso gabas take kawowa daga Sahara tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Fabrairu, lokacin da ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 15 da dare, a kwaruruka da bakin tafkuna kuwa ya yi ƙasa da haka. A wannan lokaci buƙata ce take ninkuwa, saboda ban da tuwo da kunu ana ɗumama ruwan wanka da na alwala, tsofaffi suna jin ɗumi safe da yamma, almajirai suna karatun dare a bakin wuta, ita kuma iska tana kwashe zafin murhu kafin ya kai ga tukunya. Matsi na biyu na zuwa da damina, lokacin da buƙata ba ta ƙaru ba amma busasshen itace ya yi wuya, hannuwa sun koma gona, hanyoyin amalanke sun yanke a koramu, farashi kuma ya tashi a cikin gari. Mutanen ƙasashen Turai da Amurka suna sarar itace da bazara su jera shi ya sha iskar watannin zafi don su ƙona shi lokacin ƙanƙara, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan fanni a kan yanayinsu aka rubuta shi. Ƙa'idar bushewa ɗaya ce a ko'ina, amma jerin watanni da abokan gaban itace sun bambanta, don haka ɗan Adar yana buƙatar ya gina lissafinsa a kan tasa shekarar.

Tushen lissafin shi ne ruwan da ke cikin itace. Reshen da aka sara yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma wuta ba ta cin itace sai ta fara ƙafar da wannan ruwa, don haka wani ɓangare na zafin da ya kamata ya tafasa tukunya yana ƙarewa ne wajen mayar da ruwan itacen tururi. Masana makamashi suna kiran itace busasshe idan ruwan da ya rage a cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, kuma kilo ɗaya na irin wannan itace yana ba da zafin da ya kusa ninka na kilo ɗaya na ɗanye. Ɗanyen itace yana kuma hana wuta yin zafin da zai cinye iskar da ke fita daga jikinsa, sai wannan iska ta fita a matsayin hayaƙi mai kauri, wanda macen da ke durƙushe a bakin murhu da yaron da ke goye a bayanta suke shaƙa kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana da hannu a mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara a duniya, kuma ciwon huhu na ƙananan yara yana cikin manyan hanyoyin da yake kisa ta kansu. Saboda haka saurayin da ya kawo wa mahaifiyarsa ɗanyen itace a tsakiyar sanyi ya kawo mata rabin wuta da ninkin hayaƙi, ko da kuwa damin ya fi na kowa girma.

Daga nan ne maganar lokaci take fitowa. Itacen da za a ƙona da hunturu, idan ana son ya bushe har cikin zuciyarsa, shi ne wanda aka sara tun lokacin sharar gona, a watannin Afrilu da Mayu, wanda ke nufin dole ne ya ratsa damina gaba ɗaya a ajiye kafin ranar amfaninsa ta zo. Wanda kuma za a ƙona da damina shi ne wanda aka sassabe bayan girbi, ya sha iskar hunturu da zafin rani. Ƙananan rassa irin na sabara da geza suna bushewa cikin 'yan makonni idan rani ne, amma gungume mai kauri na bagaruwa ko aduwa yana ɗaukar watanni, kuma bushewar bayansa ba ta nuna bushewar cikinsa. Gidan da ya tsara kansa yana da tari biyu ke nan, ɗaya ana ci ɗaya yana bushewa, kuma ba a taɓa na biyu sai na farko ya ƙare. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma a sha'anin itace goben takan kai wata shida.

Wannan tsari ya shafi matasa kai tsaye saboda cin rani, wato tafiyar da maza suke yi bayan girbi don neman kuɗi a wasu garuruwa, wadda Adar ta yi suna da ita tun kaka da kakanni. Da zarar an shigar da gero rumbu a watan Oktoba ko Nuwamba, samari da magidanta da yawa suna kama hanyar Najeriya ko Kwaddebuwa ko Libiya ko Aljeriya, su bar gida a hannun mata da tsofaffi da yara daidai lokacin da sanyi yake shigowa. Aikin gatari, wato sara da faskare da ɗaukar gungume, shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar ƙarfin namiji, kuma idan ba a yi shi kafin tafiya ba, sai mata da 'yan mata su koma tsintar ƙirare da karya ɗanyun rassa a nesa da gari. Kwana biyu ko uku da saurayi zai ware kafin ya ɗaure jakarsa, ya faskara itace ya jera shi yadda ya kamata, sun fi wa gidan amfani a kan kuɗin da zai aiko daga baya a sayi itace lokacin da ya yi tsada. Haka nan magidancin da matarsa take da ciki ya san cewa wankan jego, wato wankan ruwan zafi da mai haihuwa take yi safe da yamma har kwana arba'in, yana cin itace mai yawa, kuma al'ada a wuyansa ta rataya wannan itace, don haka watan haihuwar yana cikin lissafin tarin.

Itatuwa ba ɗaya suke ba a murhu, kuma ba ɗaya suke ba a ajiya. Bagaruwa da aduwa suna da nauyi da tauri, suna ci a hankali su bar garwashi mai daɗewa, don haka su ne na dogon girki kamar dafa wake ko ruwan jego, kuma suna jure ajiya. Sabara da geza da kalgo suna kamawa da wuri, su ne na girkin yau da kullum. Dogon yaro, wanda ake kira bedi a wurare da yawa na Nijar, yana da kyau matsakaici kuma ƙwari ba su cika saurin cin sa ba. Itacen gawo ba shi da nauyi, ƙwari suna shigarsa da wuri, kuma bishiyar da ranta ta fi ƙarfin a ƙona ta, saboda tana zubar da ganye da damina ta bar gero ya sha rana a ƙarƙashinta, da rani kuma ta ba dabbobi ganye da 'ya'ya, sannan dokar gandun daji ta hana sare ta babu izini. Tumfafiya ita ce makomar wanda ya rasa, domin tana cinyewa nan take, hayaƙinta yana da yaji, ruwanta kuma yana cutar da ido. Idan aka san wannan bambanci sai a jera masu saurin lalacewa a inda hannu zai fara kaiwa, masu tauri kuma a bar su a ƙasan tari da bayansa.

Faskare ya kamata ya biyo bayan sara babu jinkiri. Ruwa yana fita daga itace ta bakin da aka yanke da kuma fuskar da aka tsaga fiye da yadda yake fita ta ɓawo nesa ba kusa ba, saboda ɓawo an halicce shi ne don ya tsare ruwa a jikin bishiya, kuma yana ci gaba da wannan aiki bayan an sare ta. Gungumen da aka bari da ɓawonsa yana iya shekara cikinsa bai bushe ba, alhali ƙwari masu huda itace sun samu mafaka a ƙarƙashin ɓawon, kuma ana gane su da garin itace mai laushi da yake zubowa daga ƙananan ramuka. Akwai kuma ribar ƙarfi, domin itatuwa masu tauri irin bagaruwa sun fi ba gatari hanya suna ɗanye. Tsawon kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, saboda shi ne yake shiga murhu ba tare da rabinsa yana ci a waje a banza ba.

Babbar abokiyar gaban itace a Adar ita ce gara, kuma wanda ya san ɗabi'arta ya san rabin ilimin ajiya. Gara ba ta son haske, ba ta jure bushewa, don haka daga ƙarƙashin ƙasa take zuwa, kuma duk inda za ta bi a sarari sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya ta laka. Itacen da aka zube a ƙasa bayan ruwan farko yana ba ta duk abin da take so, wato laima da duhu da abinci a wuri guda. Idan aka ɗaga irin wannan itace a watan Satumba za a ga ƙarƙashinsa ya yi ɓawon jar ƙasa, idan aka murza ɓawon sai fararen ƙwari su watse, guntun da ake gani lafiya ta sama kuma hannu yana ɗaukarsa ya ji ba nauyi, domin an cinye cikinsa an cike gurbin da laka, ko an sa shi a wuta sai dai ya kashe wutar. Maganin wannan yana ƙarƙashin ƙafar kowa, tun da ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce, kuma hikimar da ta sa aka ɗora rumbu bisa dutse ita ce ake buƙata a nan. Ana share wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, a jera manyan duwatsu layi biyu, a shimfiɗa dogayen sanduna biyu ko uku a kansu, sannan a ɗora itace, ta yadda tsakanin ƙasa da layin farko zai kai taƙi ɗaya ko fiye. Wannan tazara tana barin iska ta ratsa ta ƙasa, kaji su shiga su tsince abin da ya fito, ido kuma ya iya ganin hanyar laka idan ta fara hawa jikin dutse, a kankare ta tun ba ta kai ga itace ba. Barbaɗa tokar murhu a gindin duwatsun yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin dubawa, musamman a watan Agusta.

Jingina itace da bangon ɗaki kuskure ne da ya yawaita, kuma illarsa ta wuce itacen. Tarin da ya manne da bangon laka yana riƙe laima a gindin ginin, yana ɓoye hanyar gara har ta kai ga azara da ƙyauren ƙofa, sannan ya zama matattarar kunama da maciji a daidai inda yara suke wasa. Kububuwa, wadda dafinta yake tsinka jini kuma take cikin macizan da suka fi kisa a yankin Sahel, tana son irin wannan maɓoya. Shi ya sa ake barin hanya tsakanin tari da bango wadda mutum zai iya ratsawa da tsintsiya, kuma ake koya wa yara cewa ba a zura hannu cikin itace da dare ko da asuba sai an haska an kuma bubbuga shi da sanda. Ɗora itace a saman rumfa ko a tsakanin rassan bishiya, kamar yadda ake yi a ƙauyuka da yawa, dabara ce mai kyau ga ƙananan damma, amma jibga shi a kan rufin soro yana tare hanyar indararo ya sa ruwa ya kwanta, kuma nauyinsa yana wahalar da azara.

Jerin kansa yana da ƙa'ida mai sauƙi. Ana kwantar da itacen a layi, bakunan da aka yanke suna fuskantar waje ta ɓangarori biyu don iska ta bi ta kansu, a ƙarshen kowane layi kuma ana gicciya guntaye, wannan hawa ya kalli gabas da yamma na samansa ya kalli kudu da arewa, don su zama ginshiƙin da zai riƙe tarin kada ya zube. Ba a matse itace kamar ana jera tubali, ana barin 'yan kafofi a tsakani. Layi ɗaya ko biyu masu tsawo sun fi tsibi ɗaya mai faɗi, domin tsakiyar tsibi ba ta ganin rana ba ta shan iska. Tsayi kada ya wuce ƙirjin babban mutum, saboda yara suna hawa, awaki ma suna hawa, kuma wanda zai ɗiba kullum mace ce ko yarinya.

Rufi shi ne inda niyya mai kyau take yawan ɓata aiki. Hadarin damina a wannan yanki yawanci daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi da ƙura a gabansa, don haka mai gida yakan ga kamar ya fi tsaro ya lulluɓe tarin da leda ko tampol har ƙasa ya danne gefuna da duwatsu. Abin da yake faruwa a ƙarƙashin irin wannan rufi shi ne, laimar ƙasa da ta itacen suna tashi da zafin rana su rasa hanyar fita, su taru a cikin ledar su sake ɗiga a kan itace, bayan 'yan makonni sai a buɗe a tarar da fumfuna da wari da gara. Ruwan da ya bugi gefen tari bai da wata illa mai yawa, domin bai wuce fatar itacen ba kuma rana ɗaya ta isa ta busar da shi. Wanda yake ɓarna shi ne wanda ya sauka ta sama ya ratsa cikin tari ya zauna. Saboda haka sama kaɗai ake rufewa, da tsohon kwanon rufi ko zana mai kauri ko tampol da aka ninke, a bar rufin ya zarce gefen tari da kamar taƙi ɗaya, a karkata shi don ruwa ya gangara, a kuma sa sanduna biyu tsakaninsa da itacen don iska ta wuce. Ɓangaren gabas kaɗai ake iya karewa da zana a tsaye. Kwano kuwa dole a ɗaure shi da waya ko a danne shi da manyan duwatsu, domin kwanon da guguwa ta ɗauka yana iya yanka mutum ko dabba. Ƙirare da ɗan abin da za a ƙona cikin kwana biyu ko uku ana ajiye su a ɗakin girki, don uwar gida ta samu abin hura wuta ranar da aka kwana ana ruwa. Idan damina ta ɗauke a watan Oktoba sai a yaye rufin gaba ɗaya, a bar wa iskar kaka sauran aikin.

Da hunturu ruwa ya daina zama abin tsoro, wuta ta karɓi wurinsa. Komai ya bushe, iska tana kaɗawa dare da rana, dangogin kara da jinkar rumbuna da tarin harawa suna kusa da juna, kuma a kowace shekara gobara tana cinye gidaje da abincin shekara a ƙauyukan Nijar. Tarin itace yana buƙatar nisa daga murhu da rumbu da ciyawar dabbobi, kuma kada ya kasance a inda iskar arewa maso gabas za ta kwaso tartsatsi daga madafa ta zuba masa, ballantana kusa da inda ake ajiye jarkar fetur. Akwai kuma haɗarin da ba a gani, wanda ya shafi masu shigar da garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da kasala, kuma mai barci yana iya wucewa bai farka ba. Ko da itacen ya bushe sarai, ɗakin da aka sa wuta a cikinsa yana buƙatar kafar iska, kuma fitar da kaskon kafin a kwanta shi ne daidai.

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a Adar yana cikin tarihin da kakannin masu karatu suka gani da idonsu. Farin shekarun 1973 da 1974, sannan na 1984, ya kashe itatuwa da dabbobi ya bar tuddai tsirara, ruwa yana gangarowa yana yanka gonaki, iska tana binne shuka. A 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, a yankin Buza, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, layi biyu-biyu da tazarar kimanin mita 100 tsakaninsu, don su karya ƙarfin iska, kuma daga baya sassaben rassansu ya zama hanyar samun itace da sanduna ga ƙauyukan kwarin. A 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada a zamanin Seyni Kountché, kuma a shekarar ne aka buɗe aikin raya karkara na Keita da tallafin ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka jera duwatsu a tuddai, aka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, saboda maza suna cin rani. Itacen da yake shigowa gida yau daga waɗannan wurare guminsu ne, kuma barin sa ga gara rashin sanin darajar wannan gumi ne, abin da bai dace da jikokinsu ba.

Hanyar da ta fi dacewa da mai gona ita ce sassabin zamani, wato dabarar da ta bazu daga jihar Maraɗi tun farkon shekarun 1980 har ta kai Damagaram da Tahoua, wadda aka ƙiyasta ta mayar da itatuwa a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona a tara a cinna masa wuta, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a bar su, a sassabe sauran, a kuma rage ƙananan rassan gefe na waɗanda aka bari. Abin da aka sassabe shi ne itacen gida, wanda aka bari kuma yana girma ya zama na baɗi. Yanka da kaifin makami daga ƙasa zuwa sama ya fi, don kada reshe ya ɓare ya tafi da ɓawon uwar. Gidan da yake samun itace ta wannan hanya yana iya barin karan gero a gona ya tare rairayi ya ruɓe ya zama taki, ya kuma bar kashin shanu ga ƙasa, domin ƙona waɗannan biyun, wanda rashi yake tilasta wa mutane da yawa, ragin amfanin gonar baɗi ne. Wanda yake son sarar itace don sayarwa kuwa ya san cewa tun 1992 doka ta tsara fataucin itace da jigilarsa zuwa birane ta kuma kafa kasuwannin itace na karkara, dokar gandun daji ta 2004 kuma ta zo a kan haka, don haka neman izini ya fi arha a kan tara.

Mazaunin birnin Tahoua da yake sayen itace daga masu amalanke da masu jakuna shi ma yana da rabonsa a wannan ilimi. Saye a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, ya fi sauƙi a kan sayen kashi-kashi a watan Agusta ko a tsakiyar sanyi, muddin akwai inda za a jera. Busasshen itace ana gane shi da rashin nauyi idan aka gwada shi da girmansa, da tsagewar da take bayyana a bakinsa, da ɓawon da yake saki da kansa, da kuma ƙara mai kaifi da guntaye biyu suke yi idan aka buga su da juna, alhali ɗanye ƙararsa a dushe take. Guntun da aka ga jar ƙasa a jikinsa ko ƙananan ramuka, gara ko ƙwaro sun riga mai saye, kuma shigar da shi cikin tari yana iya kai ɓarnar ga sauran. Ingantaccen murhu, na ƙarfe irin Mai Sauƙi ko na laka irin Albarka, yana rage cin itace idan aka kwatanta da murhun duwatsu uku wanda mafi yawan zafinsa yake tafiya a iska, amma shi ma ƙananan faskare busassu yake so, ɗanye yana toshe shi da hayaƙi. Iskar gas ta ƙara samuwa a birane tun bayan buɗe matatar man Damagaram a 2011, ana kuma sarrafa gawayin ƙasa na yankin Cirozerin don girki, sai dai kuɗin tukunyar gas da nisan wurin cika ta sun sa gidaje fiye da 9 cikin 10 a ƙasar har yanzu da itace da gawayi da kara suke dafa abinci, har waɗanda suke da gas ɗin ma sukan koma ga itace ranar suna da biki da layya, lokacin da ake ɗora manyan tukwane.